Ƙanwata ta iya ɗinki amma ba ta yarda da kanta ba, ta ina za mu fara?

Yayar Tela, Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan ƙanwata, don na san a nan akwai teloli da malamai.

Shekararta 22. Ta yi shekara uku tana koyon ɗinki a wajen wata madam a nan Kumasi, bara aka yaye ta. Muka haɗa kuɗi a gida aka saya mata keke da teburin yanka, aka kama mata ɗan kwantena a bakin hanya. Hannunta yana da kyau, ba don 'yar uwata ce ba. Duk wanda ya juya rigar da ta ɗinka ya duba cikinta zai shaida. Amma in aka kawo mata atamfa mai tsada, sai ta ajiye ta kwana uku tana kallo ba ta sa almakashi ba, daga baya ta naɗe a leda ta kai wa tsohuwar madam ɗinta a yanka mata. In aka ce "nawa ne ɗinkin?" sai ta sunkuyar da kai ta ce "ki ba da abin da ya sauƙaƙa." Ba ta iya cewa a'a. Azumin da ya wuce ta karɓi aikin da ya fi ƙarfinta, daren Sallah ga mata a tsaye bakin shago suna faɗa. In kuwa mai kayan ba 'yar Zongo ba ce, aka koma yaren Tuwi ko Turanci, har muryarta rawa take yi.

A gida an rabu. Mma ta ce kunya ce da tarbiyya, a ƙyale mata yarinya kada a mayar da ita marar kunya. Wanmu ya ce ba ta da zuciya, kullum cikin yi mata faɗa yake. Ni kuma yabo nake yi, ina ce mata "kin fi duk telolin unguwar nan," amma ko a jikinta.

Don Allah mene ne ainihin yarda da kai? Da ita ake haihuwar mutum ko koyonta ake yi? Ina iyakarta da girman kai? Kuma a aikace me za mu yi, tun kafin wani azumin ya zo?

Tsohon Tela, Asawase:

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin a yi maganar zuciya, je ki yi mata tambaya guda: a shekara ukun nan, kaba nawa, wato rigar atamfa ta mata, ta auna, ta zana, ta yanka, ta ɗinka ita kaɗai daga farko har ƙarshe? Ina zaton amsar za ta ba ki mamaki. A shaguna da yawa, shekarar farko ta 'yar koyo a guga take ƙarewa, da sa maɓalli, da kalmasa, da aike. Ta biyu a kan keke, tana haɗa abin da wani ya yanka. Almakashi yana hannun madam, domin ɓarnar ɗinki ana warwarewa, ɓarnar yanka kuwa sai biya. To yarinyar da ta haɗa riguna barkatai amma ba ta yanka ko ashirin ba, in ta ji tsoron atamfar Holan, ba rashin zuciya ba ne. Ta san iyakar abin da hannunta ya saba, kuma wannan hankali ne. Abin da ya rage a faɗaɗa iyakar.

Matsala uku kika kawo a dunƙule, kowace da maganinta.

Ta farko yanka, kuma ita ce babba. Ta fara da takarda, irin ta buhun siminti ko babbar takarda mai ruwan ƙasa. Ta auna mutanen gida masu jiki daban-daban, siririya, mai jiki, doguwa, mai ƙirji, ta fitar da zanen kowace a takarda ta yanka. Kamar goma. Sai ta koma yadi mai araha ko tsofaffin zannuwan gado na gwanjo, ta yanka ta ɗinka ta gwada a jikin mai shi, shi ma kamar goma. Kada a tsallake gwadawar, don a nan za ta ga da idonta cewa lissafinta yana zama a jikin mutum. Daga nan kayan yara, sai atamfa mai matsakaicin kuɗi, sannan Holan da leshi da shadda.

Lissafin kuwa ta rubuta shi a littafi kowane lokaci, kada ta riƙe a ka. Yadi a ninke yake, don haka ƙirji da kugu da mazaunai ana raba su huɗu. In ƙirji inci 40 ne, rubu'insa 10. A ƙara rabin inci na sakewa, a ƙara inci ɗaya da rabi na rara a gefe, ya zama 12. Wuya da hammata rabin inci ya isa. Baya, inda zif zai shiga, a ƙara inci ɗaya. Rarar gefen nan ita ce kwanciyar hankalin tela: riga in ta yi yawa ana ragewa, in ta matse ana saki daga rarar, amma in babu rara babu dabara.

Ga abin da zai rage mata rabin tsoron: ta fara yanka shafi kafin atamfar. Shafi ba shi da tsada. Ta yanka shi, ta haɗa da dogon ɗinki mai sauƙin warwarewa, ta kira mai kaya ta gwada, ta gyara, sannan ta shimfiɗa shi a kan atamfar ta bi. Kuma ta tuna a yadi shida, kaba biyu ce, silit, wato dogon siket, biyu, biyu kuma saura na mayafi ko ɗankwali. Kuskuren hannu guda ba shi ne ƙarshen atamfa ba.

Inda ake yawan faɗawa sanannu ne. Zanen atamfa ya juye, tsuntsu ko fure ya koma kai ƙasa a baya alhali gaba daidai yake. Yanka hannu biyu na gefe ɗaya. Mantawa da rara. Awo a kan hijabi ko kaya masu kauri. Tsohon tef da ya miƙe har inci ya fi inci. Ta rubuta waɗannan biyar a ɗan kwali ta manna a bangon teburin yanka, ta karanta kafin ta ɗauki almakashi.

Game da madam, kada a yanke zumunci. A roƙe ta ta zo ko a je wurinta sau biyu, ta tsaya tana kallo, amma da sharaɗin ba za ta taɓa almakashi ba. Bayan haka sai tambaya ta waya kawai. Muddin madam ce ke yankawa, ko shekara goma aka yi yarinyar tana nan inda take.

Ta biyu, kuɗi. Yawancin masu cewa "abin da ya sauƙaƙa" ba su san nawa aikin ya ci ba, shi ya sa bakinsu ke nauyi. Ku zauna da biro. Kayan haɗi: shafi, zif, zare, gam, maɓalli. Awannin aiki. Rabon haya da lantarki da gawayin guga. A misali kawai, in kayan haɗi sun ci sidi 40, aikin awa shida ne a sidi 15 kowace awa, 90 ke nan, shago ya ɗauki 20, to ƙasa da 150 asara ce. Ku sa naku alƙaluman, ku kuma bincika abin da shaguna uku na kusa ke karɓa. Sai a rubuta farashin a allo a rataye, da ɗan sarari na ragi kamar kashi goma cikin ɗari. Ta haddace jimla ɗaya: "Kaba da silit sidi kaza ne, rabi yanzu, rabi ranar karɓa." Tana faɗa ta yi shiru, ta ƙirga biyar a zuci. A shirun nan ne sabbin teloli ke karya farashinsu da bakinsu tun ba a nemi ragi ba. Kuɗin kafin alƙalami, hannu ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a rubuta a rasit, a manna ƙyallen atamfar a jiki da ranar karɓa.

Ta uku, alƙawari. Ta san kaba nawa take gamawa a mako ba tare da kwana a shago ba. In biyar ne, ta karɓi huɗu, ta bar gurbi ɗaya saboda ɗauke wuta da gyare-gyare. Kalanda a bango, kowane aiki da ranarsa. In gurbi ya cika, nuna kalandar kawai za ta yi: "Hajiya ki yi haƙuri, kin ga har Sallah babu wuri, bayan Sallah da mako ɗaya zan iya." Ta rufe karɓar aikin Sallah tun tsakiyar azumi.

Mai ba ɗalibai shawara, Tafo:

Baba ya gama rabin aikina. Zan ɗan faɗi dalilin da ya sa hanyarsa ke aiki, da abin da ya sa ta gidanku ba ta yi ba.

A 1977 wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka, ya nuna cewa abin da ke sa mutum ya tunkari aiki ya kuma daure a kansa shi ne imanin cewa zai iya wannan aikin takamaimai. Ba abu ne guda da ke rufe rayuwa duka ba. Matar da ke ciniki a kasuwar Kejetia ba ta tsoron kowa, a kai ta banki cike takarda sai ka ga hannu na rawa. Ƙanwarki ma ai ta yarda da kanta a kan keke. A almakashi da kuɗi da baƙon yare ne ba ta yarda ba. Don haka a daina ce mata "ba ki yarda da kanki ba," kada ta ɗauka halinta ne gaba ɗaya.

Bandura ya ce wannan imani daga wuri huɗu yake zuwa. Mafi ƙarfi, ka yi abin da kanka ka ga ya yiwu. Na biyu, ka ga wani irinka ya yi. Na uku, maganar mutane. Na huɗu, yadda kake fassara abin da jikinka ke yi, kamar bugun zuciya da gumi. Ku a gida duk ƙarfinku a na uku kuka zuba, ke da yabo, yayanku da faɗa, alhali bai kai na farko da na biyu tasiri ba.

Yabon ma yana iya komawa baya. A 2009 Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun sa mutane su riƙa maimaita wa kansu wata kalmar yabo; waɗanda dama ba sa ganin darajar kansu sai suka ƙara jin ba daɗi. Dalili, zuciya tana musu da abin da ba ta yarda da shi ba. Kin ce "kin fi kowa," ita kuma nan take ta tuna atamfar da ke ɓoye a leda. Haka a 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada yara 'yan firamare: waɗanda aka yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya, sun kuma fi saurin karaya bayan sun faɗi, waɗanda aka yaba wa ƙoƙari suka fi daurewa. To ki sauya salon. Ki ɗauki rigar ki ce "wuyan nan ya kwanta sosai, yaya kika yi shi?" Wannan ba za ta iya musunsa ba, ga shi a hannunki. Faɗan yaya kuwa tsoro na biyu yake ɗora mata a kan na farko: da tsoron ɓata atamfa take, yanzu har da tsoron a ji a gida.

Abin da ke raya tsoro shi ne kauce masa. Duk ranar da ta kai wa madam yanka, sai ta ji sanyi a rai, wannan sanyin kuma yana koya mata cewa guduwa ce ta cece ta. Gobe tsoron ya ƙaru. "Abin da ya sauƙaƙa" da sunkuyar da kai duk 'yan dabarun tsira ne irin wannan. Maganin shi ne fuskantar abin daki-daki. Ta jera abubuwan da take tsoro kamar goma, ta ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon tsoron da take ji. Ta fara da mai maki 3 ko 4, misali faɗa wa ƙawarta farashi tana kallon fuskarta. Ta maimaita a kwanaki na kusa da juna har makin ya sauka kusan rabi, sannan ta hau na gaba. Kada ta jira tsoro ya tafi kafin ta yi. Yi ne ke gaba, natsuwa na biyo baya.

Ta buɗe shafi a littafinta mai gida uku: abin da take tsoron zai faru, yadda ta yarda zai faru daga 0 zuwa 10, da abin da ya faru a zahiri. Bayan wata ɗaya ta karanta. Wannan ce hujjar da babu mai iya ba ta sai ita. Muhimmi ne a rubuta, saboda mai irin wannan hali in ta yi nasara sai ta ce sa'a ce ko mai kayan ce mai kirki, in ta yi kuskure ɗaya kuwa ta riƙe shi wata shida.

Inda shirin ke lalacewa: a yi tsalle zuwa mai maki 9 don ana gaggawa, a yi sau ɗaya a bari sai bayan mako uku, ko ke Yaya ki tsaya a shago ki riƙa amsa mata farashi don tausayi. Na ƙarshen nan ya fi yawa, ki kiyaye.

Rawar murya kuma, hankalinta ne ke komawa kanta, tana sauraron muryarta maimakon mai magana. Ta mayar da shi waje: launin atamfar, adadin da tef ya nuna, irin wuyan da ake so. Mutane ba sa lura da mu yadda muke zato. A wani gwaji da Thomas Gilovich ya yi a Jami'ar Cornell, wanda aka wallafa a 2000, ɗaliban da aka sa wa riga mai ban kunya sun yi zaton kusan rabin mutanen ɗakin za su lura, ashe kusan rubu'i ne kawai suka lura.

Ko ana haihuwar mutum da ita? Akwai yaran da tun suna goye sun fi ɗari-ɗari da baƙo, wannan halitta ce. Mai yiwuwa ƙanwarki har tsufa ba za ta zama mai surutu ba, kuma ba a buƙatar haka. Amfanin yarda da kai shi ne kimar da mutum ya yi wa kansa ta yi daidai da iyawarsa. In ta gaza, sai ya bar aikin da zai iya, ya sayar da guminsa da araha. In ta zarce, nan ma ɓarna ce; telan da ke afka wa leshi ba tsoro ba gwaninta ya fi ƙanwarki haɗari. Shi ya sa na so tsarin Baba, kowace ƙaruwar ƙarfin gwiwa tana kan wani abu da hannu ya riga ya yi.

Don hanya ta biyu ta Bandura, wato ganin wani irinka ya yi, ta shiga ƙungiyar teloli ta ƙasa, GNTDA, reshen unguwarku. Ganin sa'arta da aka yaye bara waccan tana yanka shadda zai fi yi mata aiki a kan ganin madam mai shekara talatin a sana'a.

Malamin makarantar dare, Alabar:

Allah ya saka wa waɗanda suka gabata. Ni da Mma zan yi magana, ki isar mata cikin ladabi.

Tana da gaskiya da ta tsare kunya, domin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce kunya ba ta zuwa sai da alheri. Sai dai malamai sun bayyana cewa abin da ke hana mutum faɗin gaskiya ko karɓar haƙƙinsa ba ya cikin kunyar da aka yaba, rauni ne da gazawa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Yarinya za ta iya runtse ido, ta rusuna ta gaida babba, ta sassauta murya, kuma ta faɗi kuɗin aikinta a fili.

Iyakar da kika tambaya kuwa hadisin Muslim ya yanke ta. Da aka ambaci girman kai, wani ya ce mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Sai aka amsa masa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. To ga ma'auni biyu. In aka nuna mata kuskure a ɗinki, tana karɓa? Tana ganin sauran teloli da mutunci? In haka ne, ko ta ce "na iya wannan aikin" sau ɗari ba ta yi girman kai ba. Mai yarda da kansa na gaskiya ma shi ya fi iya cewa "ban sani ba." An san Imam Malik da yawan faɗin haka a gaban masu tambaya, bai kuma rage masa daraja ba.

Akwai abin da ya shafi fiƙihu a nan da ba a cika lura da shi ba. Ɗinki ijara ce, wato aiki a kan lada, kuma malamai sun sharɗanta a san lada tun farko, saboda barinsa a duhu shi ke haifar da jayayya da ƙullaci. Mai kaya ta ba da kaɗan tana ganin ta biya, tela ta karɓa tana ƙuna a zuci. Faɗin farashi kariya ce gare su duka. Haka alƙawari kaya ne. "A'a" mai ladabi ran goma ga azumi ta fi "to" da za ta hana wata sa sabon kaya ranar Idi.

Ta riƙe addu'ar Annabi Musa da ke Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, inda ya roƙi a buɗe masa ƙirji, a sauƙaƙe masa al'amari, a warware ƙullin harshensa. Ta yi bismillah ta yanka. Amma ta auna sau biyu tukuna, don wanda ya tambaya a kan raƙumarsa cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Hajiya mai atamfa, Kejetia:

Baba Tela, allonka zai yi aiki a kan baƙo, amma ba zai yi a kan dangi ba, kuma ina da yaƙinin rabin masu kawo mata ɗinki dangi ne da maƙwabta. Yarinya mai shekara 22 ba za ta nuna wa gwaggonta allo ba. Wannan ba aikinta ba ne, na manya ne. Ke Yayar Tela da Mma ku yanke doka ku sanar a gidan suna ko biki inda kowa ke zaune: dangi za su biya kayan haɗi cikakke da rabin kuɗin aiki, ko yadda kuka ga ya dace, amma kowa ya san adadin. Kuma ke ki fara. Ki kai ɗinkinki ki biya a gaban mutane. Ba za ta ga darajar aikinta ba alhali 'yan gidansu kyauta suke ɗauka.

Ta kuma sani, mu masu kai ɗinki, in tela ta ce a ba da abin da ya sauƙaƙa, ba tawali'u muke gani ba. Zuciya sai ta ce anya ta iya? Mai atamfa mai tsada ta fi natsuwa da wadda ta faɗi kuɗinta ta faɗi rana.

Maganar Tuwi ba ta kai yadda take ji ba. Ba lacca za ta yi ba. Abin da ake faɗa a shagon tela bai wuce jimla ashirin ba: sannu da zuwa, wane iri kike so, ɗaga hannu, juya, kuɗinsa kaza, dawo ran kaza. Kuɗi da inci ma da Turanci kowa ke faɗa. Ta rubuta su, ku riƙa yi da ita da daddare, ke ce mai kaya, har da ce mata "te so," wato a rage, ki ga ko za ta tsaya a kan farashinta. Sannan ku daina saya mata shafi da zif. Ta hau tiroto, motar haya, ta zo kasuwa da kanta ta yi ciniki, nan za ta ga babu mai dariyar Tuwin kowa in dai ciniki ake yi.

Ma'aikaciyar jinya, Sawaba:

Ƙari kaɗan ta ɓangaren lafiya. Yawancin irin wannan ba ciwo ba ne, abin da aka faɗa a sama ya isa. Amma a lura da waɗannan. In tsoron mutane ya wuce shago, ba ta zuwa biki, ba ta cin abinci a gaban jama'a, ba ta ɗaga waya, kuma ya kai wata shida a haka, akwai larurar fargabar shiga mutane, ana kuma maganinta, galibi ta hanyar zama da ƙwararre. In ta yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba barci, ba cin abinci, ta daina jin daɗin abin da take so, ko ta ce gara ta mutu, kada a tsaya shawara a nan, a kai ta asibiti. Asibitin Manhyia yana kusa da ku, na Komfo Anokye kuma yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Bugun zuciya da rawar hannu ba kullum tsoro ba ne. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a 'yan mata, yana sa zuciya bugawa da jiri da kasala. Ƙwayar maƙogwaro, wadda likitoci ke kira thyroid, in ta yi aiki fiye da kima tana sa rawar hannu, gumi da rama. Gwajin jini ke rarrabewa. In abin yana zuwa mata ko tana zaune ita kaɗai, a gwada. Ta kuma rage shayi mai ƙarfi, kofi, goro da lemon ƙara kuzari a ranar yanka, kuma kada ta yanka da yunwa ko bayan kwanan zaune.

Kafin ta ɗauki almakashi, ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu, ta saki a hankali tana ƙirga shida, na minti ɗaya ko biyu. Sakin ya fi jan tsawo, shi ke saukar da bugun.

Gargaɗi kuma, don abin ya yi yawa a unguwanninmu: kada wani ya ba ta ƙwayar taramol wai don ta samu ƙarfin zuciya ko ta jure aikin dare. Masu ƙarfin miligiram 120 da 225 da ake sayarwa a ɓoye suna jawo farfaɗiya da sabon da ba a iya bari, in ya sake ta kuma fargabar ta fi ta da.

Yayar Tela, Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na tambaye ta. Ta ce waɗanda ta yanka ita kaɗai ba su kai goma ba, kuma duk na 'yan koyo 'yan uwanta ne. Ta ce ba ta taɓa faɗa ba don kada mu ce kuɗin koyon ya tafi a banza. Mun sayo takarda. Mma ta yarda da maganar Malam, ke ma Hajiya za mu bi shawararki. Amma ta ce in tambaya: in duk da haka wata rana ta ɓata atamfar wata mai tsada fa, yaya za ta yi?

Tsohon Tela, Asawase:

Za ta ɓata, 'yata, babu telan da ya tsufa bai ɓata ba. Gara ta san matakan tun yanzu.

Tana ganin kuskuren ta ajiye almakashi, kada ta ƙara yanka don gyara cikin ruɗu. Ta shimfiɗa duka ta duba: za a fitar da wani daga yadi biyun da suka rage? Za a iya sa haɗi da yadi marar zane a gefe ko a kugu ya zama kamar ado? Sau da yawa ana iyawa, amma ko wanne ne sai da izinin mai kaya. Ta kira ta a ranar, kafin ta gano da kanta. Magana gajera: "Hajiya na yi kuskure a yankan hannu, laifina ne. Ko in gyara ta hanya kaza, ko in saya miki irinta." Ban da dogon bayani, ban da ɗora wa wuta ko tef. Ki raka ta in tana so, amma ita za ta yi magana.

Saboda irin wannan ranar, kada ta yar da takardar da ke manne a atamfa ko bakin yadin mai rubutu sai an karɓi kaya, don da su ake neman irinta a Kejetia ko Adum. Kuma daga kowace sidi 100 da ta shigo ta ware 5 a wani asusu na daban, na biyan ɓarna kaɗai. Tela mai wannan asusun hannunta ya fi tsayawa a kan almakashi.

Washegari ta yanka wani, ko da na yara ne. In ta bari mako ya wuce, komawa zai yi wuya. Ta rubuta kuskuren a ƙasan biyar ɗin nan na bango, ya zama na shida.